Busasshen Mangwaro, Dabino da Ƙwame: Amsar Wasiƙun Masu Lambu

Wasiƙun wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi. Mangwaro ya nuna gaba ɗaya, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, kuma kowa ya ji ana cewa Turawa na sayen busasshe da tsada. Na haɗa masu kama da juna, na kuma rage tsawon wasu.

Wani mai lambu daga yankin Zariya ya rubuto: "Ina da itacen mangwaro kusan tamanin. Bara na kai mota guda kasuwar 'Yan Lemo a Kano, da ƙyar na fitar da kuɗin mota. An ce a busar a kai Turai. Ta ina zan fara?"

Malam, kasuwar gaskiya ce, ba labarin shaci-faɗi ba ne. Maƙwabtanmu na Burkina Faso sun daɗe a cikinta. A Bobo-Dioulasso da Banfora akwai ɗakunan busarwa masu yawa, akasarin ma'aikatansu mata ne, kuma kusan duk abin da suke busarwa Turai yake tafiya, musamman Jamus da Holan da Ingila. Ghana da Mali da Kwaddibuwa su ma suna ciki. Mu da muka fi su yawan mangwaro muna gefe muna kallo.

Amma kafin ka sayi komai, duba irin itacen da kake da shi. Masu saye a waje iri suke tambaya da suna: Amélie, Brooks, Kent, Keitt, Lippens. Mangwaron aure ne masu kaurin nama, ƙwallonsu bai cika girma ba, kuma ba su da zare sosai. Ƙananan mangwaronmu na gargajiya da ake tsotsa suna da zaƙi, ba musu, amma in ka fere ka cire ƙwallo ba abin da zai rage maka sai zare. Ko da irin mai kyau, sai ka zuba ɗanye fiye da kilo 10 kafin ka sami busasshe kilo ɗaya, sau da yawa ma ya haura haka nesa in an cire ruɓaɓɓu. To ɗauki biro ka lissafa: kuɗin ɗanyen, ladan masu fira da yanka, ruwa, gas ko wuta, leda, kwali. In lissafin bai fita a takarda ba, ba zai fita a ɗakin busarwa ba.

Shawarata ka manta da Turai a shekarar farko. Busar da kaɗan, ka zuba a ƙananan ledoji masu kyau, ka gwada kantunan Kaduna da Kano da Abuja, ka kuma ajiye wani don watan azumi da lokacin da babu ɗanye a kasuwa. Nan za ka koyi aikin da kuɗi kaɗan. Idan itatuwanka na gargajiya ne, ba sai ka tumɓuke su ba: ana sare rassa a yi musu aure da irin da ake so, cikin shekara biyu zuwa uku su fara bayarwa.

Wata baiwar Allah daga Gusau ta tambaya ko za ta iya shanya yankakken mangwaro a kan tabarma a tsakar gida, yadda ake shanya kuɓewa da tumatir.

A'a, Hajiya. Kuɓewa ana dafa ta kafin a ci, mangwaro kuwa daga leda sai baki, don haka ƙura da ƙuda da kashin kaza duk cikin mai saye za su tafi. A sami akwatin busarwa mai rufin leda ko gilashi, da raga a ƙofofin iska, a ɗaga shi daga ƙasa.

Wani daga kudancin Kaduna kuwa wasiƙarsa cike take da ɓacin rai: "Daga waje mangwaron lafiya lau, in an yanka sai tsutsa. Masu busarwa sun dawo mini da rabin kayana. Na yi feshi sau shida da magani iri uku masu tsada, har na haɗa biyu a tanki ɗaya, tsutsar tana nan. Wane magani ya fi ƙarfi?"

Ɗan'uwa, ba magani mai ƙarfi kake bukata ba. Wannan tambaya tana zuwa mini kowace shekara, kuma kowace shekara amsar ɗaya ce, amma mutane sun fi yarda da mai shagon magani, wanda cinikinsa ke ƙaruwa duk lokacin da ka kasa. Bari in yi bayanin da tsawo, don wannan ƙwaro shi ne babban abin da ke tsakanin mai lambu da kasuwar busasshen kaya.

Abin da ke damunka ƙudan 'ya'yan itace ne. Muna da namu na asali, amma wanda ya fi ɓarna baƙo ne daga Asiya, masana na kiransa Bactrocera dorsalis. An fara ganinsa a Afirka a ƙasar Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru ya mamaye Afirka ta Yamma. Macen tana huda fatar mangwaro ta zuba ƙwai a ciki. Kwana ɗaya zuwa biyu sun ƙyanƙyashe, tsutsar ta yi ta cin naman daga ciki kamar mako guda ko fiye, ɗan itacen ya faɗo, tsutsar ta fita ta shige ƙasa, bayan kwana goma ko makamancin haka ta fito sabon ƙuda. Mace ɗaya tana zuba ɗaruruwan ƙwai a rayuwarta. Yanzu ka faɗa mini, feshin da ka yi a kan ganye da fata, ta ina zai isa tsutsar da ke tsakiyar nama, ko wadda ke kwance a ƙarƙashin ƙasa? Ka kashe 'yan ƙudajen da suka tarar da feshin, washegari wasu suka fito daga gindin itacenka, wasu suka tsallako daga lambun maƙwabci.

Wurin kiwonsu shi ne mangwaron da ya zube a ƙasa ka bar shi yana ruɓa. Duk wanda ke da ruɓaɓɓen mangwaro a gindin itace kuma yana sayen magani, zubar da kuɗi yake yi. Aikin farko tsince ne, sau biyu ko uku a mako, tun daga ƙananan da ke faɗowa kafin su nuna. A zuba a baƙar leda mai kauri marar huji, a ɗaure baki, a bar ta cikin rana kwanaki, zafi zai dafa tsutsar. Ko a haƙa rami mai zurfin da ya wuce rabin mita a binne. Rufewa sama-sama da ƙasa taimaka musu ne, ai ƙasar suke nema. Wanda ke da dabbobi ya ba su tun da ɗuminsa.

Sai tarko. Akwai wani sinadari mai ƙamshi da ake kira methyl eugenol, namijin wannan baƙon ƙuda ba ya iya haƙuri da shi. A sami gorar ruwa ta roba, a huda ƙofofi a gefe, a rataya auduga a ciki da aka jiƙa da sinadarin tare da ɗigon maganin ƙwari, a rataye a reshe cikin inuwa, a shafa ɗan man girishi a igiyar don kada tururuwa ta shiga. In maza suka ragu, ƙwai da yawa ba su ƙyanƙyashewa. A kafa tarkon tun 'ya'yan suna ƙanana, ba sai ɓarna ta bayyana ba. Amma a sani, wannan ƙamshi ba ya jan mace, kuma ba ya jan ƙudanmu na asali, wanda shi ya fi yawa da rani kafin ruwa ya sauka. Don su ake amfani da koto: abinci mai furotin da aka gauraya da ɗan guba, irin wanda ake sayarwa da spinosad a ciki. Ba a wanke itace da shi. Ana fesa shi a ɗan wuri guda cikin ganye, faɗin mita ɗaya, inda babu 'ya'ya, sau ɗaya a mako, a maimaita in ruwa ya wanke. Ƙudan ne zai zo ya same shi. Maganin da za ka kashe ta wannan hanya bai kai kusa da abin da ka zuba a tanki sau shida ba.

Tunda a kudancin Kaduna kake, duba ko akwai jan tururuwan nan masu ɗinke ganye su yi gida a kan itace. Masu tsinka sun tsane su saboda cizo, har ana cinna musu wuta. Bincike a Jamhuriyar Benin ya nuna itacen da suke da yawa a kai ɓarnar ƙuda tana raguwa sosai. Feshinka shida ya kashe su, ya kashe zuma, ya bar maka ƙudan.

Lokaci ma magani ne. Baƙon ƙudan yana ƙaruwa ne da saukar damina, shi ya sa masu nuna a makare kamar Brooks da Keitt suka fi shan wahala, masu nuna a Maris da Afrilu sukan tsira. A tsinke mangwaro da zarar ya ƙosa, kafaɗarsa ta cika, a bar shi ya ƙarasa nuna a inuwa cikin ɗaki mai raga. Kuma ka je ka sami maƙwabtanka. Ƙuda bai san iyakar gona ba, in kai kaɗai ke tsince da kafa tarko a cikin lambuna goma, rabin aiki ka yi. Kada a manta da gwaiba da lemo da kashu da ke gefe, nan suke fakewa in mangwaro ya wuce.

Ga kuma abin da mai shago ba zai gaya maka ba. Turai ta daina amincewa da maganin ƙwarin nan dimethoate a 2019, ta daina amincewa da chlorpyrifos a 2020, kuma su ne cike da shagunanmu. Maganin da ba su amince da shi ba, iyakar da suke yarda a gani a abinci yawanci miligiram 0.01 ne a kilo, wato kusan babu. Busarwa kuwa ruwa take cirewa, abin da ya riga ya shiga nama yana nan, sai ma ya taru wuri guda. Da feshin nan naka ba ka kashe tsutsa ba, kuma ka rufe wa kanka ƙofar mai saye.

Wani matashi ya tambaya ko zai iya sa kabaid ɗin masu walda don mangwaro ya nuna da wuri kafin a yanka. Kada ka kuskura: hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana, guba ce, kuma fata kawai take rinawa ta bar naman da tsami.

Daga Kano wata mai sana'a ta rubuto: "Nawa yana fitowa ja mai kyau, amma bayan wata biyu sai ya koma baƙi-baƙi, wani kuma ya yi fumfuna. An ce akwai hodar da ake sawa."

Hajiya, matsala biyu ce kike haɗawa. Fumfuna alama ce bai bushe ba, ko ya bushe ya sake shan danshi. Yanka ya zama kauri ɗaya, don in wani ya fi wani kauri siririn zai ƙone mai kaurin ya rage ɗanye a ciki. Zafin ya tsaya wajen digiri 55 zuwa 65, in ya wuce haka sukarin zai ƙone, waje ya ƙandare ciki na da ruwa. Masu saye suna son danshin da ya rage ya kasance wajen kashi 12 zuwa 16 cikin ɗari. In ba ki da na'urar awo, lanƙwasa yanki: ya lanƙwasu bai karye ba, bai fitar da ruwa ba, bai manne a yatsa ba. Sannan ki zuba wani a kwalba ki rufe kwana biyu, in kika ga raɓa a jikin gilashin, mayar da shi. A bar shi ya huce kafin a ɗaure a leda. Duk wanda ya yi fumfuna a zubar, kada a goge a sayar, domin wasu nau'in fumfuna suna barin gubar aflatoxin mai lalata hanta, kuma Turai ba ta karɓar busassun 'ya'yan itace irin wannan in gubar ta wuce maikurogiram 4 a kilo.

Baƙin kuwa aikin iska da zafi da haske ne. Yi amfani da wuƙar silba marar tsatsa, kada yankakke ya zauna a faranti yana jiran wuri, ki kuma adana a ɗaki mafi sanyi da duhu da kike da shi. Tsoma shi a ruwan lemon tsami kafin busarwa yana ɗan taimakawa. Hodar da aka gaya miki ita ce sodium metabisulphite, kuma tana aiki, launi yana daɗewa. Doka ba ta hana ba, amma tana da iyaka. A Turai busasshen mangwaro ba zai wuce miligiram 500 a kilo ba, kuma da zarar ya haura miligiram 10 wajibi ne a rubuta a jikin leda, saboda yana tayar wa masu asma ciwo. Abin da ba na so shi ne awon ido, a ɗiba da cokali a watsa. In ba ki da sikeli mai auna giram, bar ta. Masu saye da yawa ma sun fi son wanda ba a sa masa komai ba, sun san zai ɗan yi duhu.

Wani ɗan kasuwa da ke sayo dabino daga Agadez yana ajiyewa har azumi ya ce ƙwari suna cinye masa, ko zai ɗan yayyafa fiya-fiya a jikin buhunan.

Alhaji, ka ji tsoron Allah. Wannan dabinon mai azumi ne zai buɗe baki da shi, ko wankewa ba kowa ke yi ba. Fiya-fiya da Sniper sinadarinsu ɗaya, dichlorvos, kuma shi ne ya jawo mana abin kunyar wake. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya bayan an yi ta kama kaya ɗauke da shi, wani har miligiram 4.6 a kilo, alhali iyakar 0.01 ce. An tsawaita dakatarwar a 2016, aka sake tsawaitawa bayan nan. Wanda ya zuba da wanda bai zuba ba duk aka rufe musu ƙofa, don su ƙasa suke hukuntawa ba mutum ɗaya ba. Waken da Turai ta ƙi, mu muke ci. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben a kasuwanni, amma har yau ina samun irin wannan tambayar.

Ƙwan ƙwarin yawanci tun daga inda aka sayo yake zuwa. Tsince mai huji da fasasshe tun ranar farko. In kana da hanyar firiza mai daskarewa sosai, ɗaure dabinon a leda ka sa shi ya kwana bakwai, ƙwaro da ƙwansa duk za su mutu. In babu, busasshen dabino mai tauri yana zama lafiya a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ko jarka ko duro mai murfin da iska ba ta shiga, a cika shi taf, a ɗora a kan katako. Ƙwayar bom da ake sawa a rumbu aikin wanda aka horar ne, a sito mai nisa da wurin kwana. Ta kashe mutane a cikin ɗakunansu.

Wani daga Bauchi ya ce wani dillali ya nemi kuɗi mai yawa zai samo masa "takardun fita waje" cikin mako guda, har da lambar NAFDAC.

Riƙe kuɗinka. Babu wata takarda guda mai suna haka, kuma duk abin da ake bukata kana iya nema da kanka. Ka yi wa sana'arka rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Duk abincin da aka ɗaure a leda don sayarwa a kanti sai ya sami lambar NAFDAC, ana nema ta shafinsu na intanet, kuma sai sun zo sun duba wurin aikin sun gwada kayan a ɗakin gwaji. Lambar da aka ba ka ba tare da kowa ya taka ɗakinka ba, ta wani ce ko ta bogi. Abin da suke dubawa ba wani abin tsoro ba ne: ɗaki daban da wurin girki da kwana, daɓen siminti ko tayil, raga a tagogi, tsaftataccen ruwa, wurin wanke hannu, lafiyar ma'aikata. A jikin leda kuma a ga sunan kaya, abin da ke ciki, nauyi, lambar rukuni, ranar yi da ranar lalacewa, da adireshinka.

Fita waje kuwa sai ka yi rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya, NEPC, ka cike fom ɗin bayyana kayan da za a fitar, NXP, ta bankinka, ka sami takardar shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar NAQS da takardar fitarwa ta NAFDAC. Amma duk waɗannan izinin fita ne kawai. Mai saye yana da nasa sharuɗɗan: zai nemi samfur ya gwada da kansa, zai nemi shaidar kana bin tsarin HACCP, wato ka san kowane mataki da cuta ko datti ke iya shiga kuma kana rubutawa, sannan zai so ya san daga wace gona kowane kwali ya fito. In an kama kaya a tashar ƙasa ɗaya, suna da tsarin sanarwa da ake kira RASFF, nan take sauran ƙasashen sun ji. Kuma tan-tan suke saye, ba buhu biyu ba. Mutum ɗaya mai itace tamanin ba zai cika kwantena ba, sai ƙungiya mai ɗakin busarwa guda da littafi guda. Ka fara sayen littafin nan yau: ranar feshi, sunan magani, ranar tsinka, ranar busarwa.

Wata daga Katsina ta tambaya ko gaskiya ne ana sayen garin ƙwame a waje. Gaskiya ne, 'yar'uwa. Tun 2008 Tarayyar Turai ta amince da shi a matsayin abinci, kuma shi a cikin ɓawonsa yake bushewa a kan kuka, babu ruwanki da gas. A ɗauki wanda bai fashe ba, a goge gashin bayan sosai kafin a fasa, a tankaɗe da rariya mai laushi, a ɗaure kafin damina. Yashi da danshi su ne ke sa a dawo da shi.

Na ƙarshe wani ne da ya ce shi bai taɓa sa taki na zamani ko feshi ba, don haka zai rubuta a ledarsa cewa kayansa "oganik" ne, ya ji sun fi tsada.

Sun fi tsada, kuma nan ne ƙarfin mutanen Burkina yake. Amma a Turai da Amurka wannan kalma ta doka ce, ba a rubuta ta sai wata hukumar tantancewa da aka amince da ita ta zo ta duba gona da ɗakin busarwa, tana kuma dawowa kowace shekara, kai ne mai biya. Itacen da aka saba yi wa feshi sai ya shekara 3 ba a sa masa komai ba kafin a karɓe shi, kuma hodar riƙe launi da muka yi magana a kanta ba ta shiga. In kana shuka masara ko wake a tsakanin itatuwan kana fesa musu maganin ciyawa, lambun ya fita daga lissafi, ko da ba ka taɓa mangwaron ba. Kuɗin tantancewar ya fi ƙarfin mutum ɗaya, shi ya sa ake yi a ƙungiyance, a raba. Tara maƙwabtanka masu irin halin lambunka, ku fara rubuta abin da kowa ke sawa a gonarsa daga wannan damina, sannan ku nemi mai saye kafin ku kira masu tantancewa.